Rawar Murya a Na'urar Marigayi

Ranar da Lowell Baptiste ya shigo shagon gyara na titin Livernois a Detroit, rungume da sintesaiza, na'urar kiɗa mai maɓallai, kamar mai ɗauke da mara lafiya, Odessa Pruitt ba ta ɗago kai da wuri ba. Lokacin karatu ita kaɗai ce mace a ajinsu na injiniyan lantarki, ta saba da tambayar da ke tafe.

"Mai gyaran yana nan?"

"Ga ta a gabanka."

Ya ji kunya, ya yi murmushi. Na'urar ta mahaifinsa ce, marigayi, wanda ya yi shekara talatin yana kaɗa ta a cocinsu. Yanzu in an murza maɓallin da ke sa sauti rawa, babu abin da ke motsi.

Odessa ta ɗora mitar awon wuta, ta bi wutar da ke sarrafa sautin tun daga tushe. A bakin wani soket ta ɓace, datti ne ya toshe shi. Ta goge, rawa ta dawo. Sai ta lura ko an mayar da maɓallin sifili, wata 'yar wuta tana zurarewa, sautin yana ɗan karkarwa. Ta gano mai jawo hakan: wani resista, ɗan ƙaramin abin daidaita ƙarfin wuta, da aka liƙa da dalma, wanda babu shi a zanen kamfani. Ta cire shi, ta jefa a ambulan, don ba ta zubar da kayan mutane.

Lowell ya ci gaba da zuwa, da dalili da babu dalili.

"Injiniya tawa," ya rubuto mata, "zuciyata ma tana son awo."

"Makaɗi, mitata ba ta auna ƙarya," ta amsa.

Ran Lahadin da ya kai ta gida, mahaifiyarsa, Mama Cordelia, ta ce ya kaɗa musu waƙar marigayi. Bai kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Wannan ba muryar mijina ba ce. Me kika yi mata, yarinya?"

"Gyara na yi, Mama. Wuta ce ke zurarewa."

"Da hannunsa ya sa ta. Ya ce sautin da ba ya rawa bai san kuka ba. Wadda ta shigo ta goge min miji ba za ta zauna da ɗana ba."

Odessa ta tashi, kanta a sama, ta fita. Mako uku ba ta ɗaga kiran Lowell ba. Ta ji labari Mama tana tura masa Vernice, mai jagorantar mawaƙan coci. Ta daure, ta yi ta aikinta. Amma kullum ta buɗe aljihun tebur, ambulan ɗin yana kallonta.

Saƙonsa ya shigo: "Dessa, ba ki yi laifi ba, ba ki sani ba ne. Ni dai ba na iya kaɗa komai."

Da safe ta ɗauki kayan aikinta ta buga ƙofar Mama.

"Ban zo roƙo ba, Mama. Zanen na sani, marigayi ne ban sani ba. Ki zauna kusa, kunnenki ne mitar yau."

A teburin kicin ta mayar da resistan inda tabon dalmarsa yake. Ta danna maɓalli ɗaya ta riƙe. Sautin ya fito yana ɗan rawa, kamar dattijo mai addu'a.

Mama ta saurara har sautin ya ƙare. Sannan ta share ido.

"Kin adana shi?"

"Ba nawa ba ne da zan zubar."

"Ki cire rigar sanyin nan, 'yata. Akwai burodin masara."

A watan Yuni aka ɗaura auren. Lowell ya kaɗa waƙar mahaifinsa, muryar tana rawa har ƙarshen cocin. Mama ta riƙe hannun Odessa ta ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya. In kin ga abin da babu shi a zane a jikin ɗana, ki tambaye ni kafin ki cire."