Jinin Aro

Auta tana tsaye a gaban teburin guga, rigar aikin mijinta a shimfiɗe, tana ta kai dutsen guga tana kawowa a kan wuyan rigar, alhali ko kunna shi ba ta yi ba. Tun da ta dawo daga awo take a haka. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa a waya ba, ko mayafinta ba ta cire ba.

Wannan ne cikinta na uku. Na farko ya zube tun bai yi ƙwari ba. Na biyu kuwa ta raine shi har wata tara, ta sha naƙuda, aka naɗe mata shi a zane ko tari bai yi ba. Daga ranar wani abu ya daskare a ƙirjinta. In an yi dariya ta taya, in an ce ci ta ci, amma duk abin da ya same ta sai ta ji kamar labarin wata ake ba ta.

Mijinta ya turo ƙofa da sallama, jakar kayan aiki a kafaɗa. Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake firiji da fanka yake gyarawa. Auren so suka yi, kowa ya shaida, don a lokacin neman aure fankar gidan su Auta ta sha gyara ba tare da ta taɓa lalacewa ba.

"Madam, yau kuma da dutse mai sanyi ake guga? Sabon salo ne?"

Ta dubi dutsen, ta ajiye shi. "An gwada jinina a wurin awo."

"To, Allah ya sa mu ji alheri."

"Nas ta ce akwai ciwo. Cikin ciwon sanyin nan ne da ake ɗauka ta wurin kwanciya, tunjere ta ce sunansa. A jini yake ɓuya, mutum sai ya yi shekaru da shi ko kansa bai yi ciwo ba, amma yana ratsawa ya kama ɗa a ciki." Ta faɗe shi tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai a rediyo. "Ta ce mai yiwuwa shi ya cinye mana biyun can."

Injiniya ya sauke jaka, ya zauna a hannun kujera.

"Sun yi min allura yau, akwai saura. Ta ce tun da an gano da wuri, da yardar Allah wannan zai tsira. Amma sai an gwada ka, kai ma an yi maka. In ba haka ba, ina warkewa za ka mayar min."

"Ni? A cikin mata masu ciki zan je in zauna?"

"Tare za mu shiga. Yatsa kawai suke ɗan sokawa."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. "Zan yi, amma ba can ba. Akwai wani ɗakin gwaji kusa da shagona, gobe da safe zan leƙa."

Ta ce to. Ta jona dutsen a soket, ta ci gaba da gugarta.

A gida ɗaya suke da Umma, mahaifiyarsa, ita a ɓangaren gaba su a na baya. A faɗi gaskiya Umma ba muguwa ba ce. Ita ta yi jinyar Auta lokacin da ɗan ya zo babu rai, ita ta riƙa ba ta shayi a baki da cokali. Sai dai mace ce da ta raini maza biyu ita kaɗai bayan rasuwar ubansu, kuma a wurinta in dai Injiniya ne, to ko ƙuda ya sauka a kansa ƙudan ne da laifi. Ta ga surukarta tana ɗingisa ƙafa saboda allura, ta tsare ɗanta da tambaya, shi kuwa bai iya ɓoye mata komai ba tun yana yaro.

Washegari da la'asar aka kira Auta falon Umma. Injiniya yana zaune a ƙasa daga shi sai singileti saboda zafi, kansa a sunkuye. Ƙaninsa Dogo, direban motar haya, yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makulli. Dogo abokin wasan Auta ne, kullum sai ya ce ta cika gishiri a miya ita kuma ta ce da tsawonsa ake auna sandar tuta, amma ranar ko ido bai ɗaga ya dube ta ba.

Umma ta ce, "Zauna, 'yar nan. An gwada mijinki yau da safe. Jininsa fes, babu komai."

Auta ta ce, "Alhamdulillahi."

"Alhamdulillahi kika ce? To ni tambaya ɗaya gare ni. Ciwon nan an ce ta kwanciya ake ɗaukarsa. Mijinki ba shi da shi. Ke a ina kika samo?"

Fanka tana ta juyawa a sama.

"Na riƙe ki kamar 'yar da na haifa. Jikokina biyu na binne ina cewa haka Allah ya ƙaddara, ashe... Kai, bari dai in yi shiru." Muryar Umma ta karye, ta share ido da gefen mayafi. "Ki tafi gidan yayarki tukuna, har manya su zauna. Ba zan iya kallon ki a gidan nan ba."

Auta ta juya ta dubi mijinta. Ta jira ya ce wani abu, ko da "Umma, a bi a hankali" ne. Bai ce uffan ba. Abin mamaki, ba ta ji zafi ba, ba ta ji tsoro ba. Ta lura dai cewa labulen falon ya fita daga ƙugiya ɗaya, ya kamata a mayar.

Ta shiga ɗaki ta zuba kaya a akwati. Umma ta ce Dogo ya ɗauka ya kai ta a mota. Ya shigo sumui-sumui, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya zai ɗaga akwatin, sai ga filasta da ɗan ƙullin auduga manne a cikin gwiwar hannunsa, daidai inda ake ɗibar jini. Ya ga inda take kallo, ya yi sauri ya saki hannun rigar.

Auta ta leƙa tsakar gida. Injiniya yana tsaye jikin famfo, hannuwansa biyu a waje tun daga kafaɗa, sumul, ko cizon sauro babu.

"Dogo, kai kayan mota. Ka ce wa yayanka ina son magana da shi."

Da ya shigo ta tura ƙofar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ga hannun Dogo."

Sai ya sulale ya zauna a bakin gado, ya rufe fuska da tafin hannu. "Wallahi ban yi don a kore ki ba. Can wurin ba sa duba fuska, suna kawai za ka faɗa. Na ɗauka in Umma ta ji ba ni da komai za ta bar maganar, ni kuma in nemi magani a kemis a ɓoye. Ban zaci za ta juyo kanki ba."

"Me kake tsoro?"

"Kafin in san ki... lokacin ina koyon aiki a wani gari... na yi ƙuruciya, Auta. Na tuba tun tuni, ban taɓa cin amanarki ba. Amma ta yaya zan dubi Umma in ce ni na kashe mata jikoki?"

"Shi ya sa ka bari ta ce ni ce."

Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, kuma ya sani. Hawaye yake yi sosai, kafaɗunsa suna rawa. Ita kuwa tana kallon sa kamar mai kallon ruwan sama ta taga. Ta san tana son sa, yadda mutum ya san sunansa, amma a lokacin ba ta ji son ba.

Ta ce, "Ba zan tona ka ba. Bakinka ne zai faɗa, ko ya bari. Sunana kuwa ka ga yadda aka yi da shi, ban ce komai ba. Amma wannan na cikin bai yi maka laifi ba. Ba zan dawo ɗakin nan ba sai an yi maka allura a gaban idona."

A mota Dogo ya yi ta share gumi. "Anti, ki yafe min. Ce min ya yi tsoron allura yake ji, na ɗauka taimako ne."

"Kalli hanya, Dogo," ta ce.

Zaman gidan yayarta ba daɗi. Magana ta riga ta fita, don maganar gida ba ta da ƙafa amma tana riga mota isa. Maƙwabta suka riƙa shigowa aron ashana don su ga fuskarta. Yayarta ta yi rantsuwa sai ta je ta ci mutuncin Umma, Auta ta riƙe mata mayafi ta ce ta bari. Ba ta faɗa wa kowa zancen filasta ba. Ranar allura ta tashi ta tafi ita kaɗai, ta dawo tana ɗingishi, ta kwanta tana kallon silin. Wani lokaci ɗan ya motsa, sai ta ɗora hannu a wurin, ba ta yarda ta yi murna ba.

Ranar allurarta ta ƙarshe tana zaune a benci cikin mata, kowa da ƙaton cikinta, ana ta hirar kumburin ƙafa, sai hirar ta mutu. Ta ɗaga kai. Injiniya ne tsaye da rigar aikinsa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Bayansa Umma ce, fuskarta a kumbure.

Wata mai tsohon ciki ta ce, "Malam, wata nawa ne naka?" Aka kwashe da dariya. Ya nemi gefen benci kusa da matarsa ya zauna.

Umma ta tsaya a kanta, ta kasa zama. "Jiya ya faɗa min. Dogo ma ya faɗa. Na ce ba zan yarda da bakin kowa ba kuma, sai na gani da idona."

Nas, wata mace mai furfura da ba ta da lokacin wasa, ta shigar da su ukun ta rufe ƙofa. Ta soki yatsan Injiniya, ta ɗiga jinin a ɗan abin gwaji, ta ajiye a tebur. Can sai layi biyu suka fito a jikin abin gwajin. Ta ce, "Yana da shi. Yau zai fara allura."

Umma ta dafa bango ta zauna.

Nas ta ci gaba tana haɗa allura. "Mama, ki saurare ni. Wannan gwajin ba ya faɗin wa ya kawo, ba ya faɗin yaushe. Ni ba alƙali ba ce, ban tambayi kowa tarihinsa ba. Shi ya sa muke cewa miji da mata su shigo tare, a yi a gabanmu. Mata nawa na yi wa magani suka warke, suka koma gida suka sake ɗauka, don maigida ya ce shi lafiyarsa ƙalau? Ciwo mai magani ne, kunya ce take kashe mana 'ya'ya. Malam, zagaya bayan labule."

Suka rage su biyu. Umma ta kamo hannun Auta. "Kin sani tun ranar, kika bar ni ina zagin ki?"

"Ɗanki ne, Umma. Daga bakinsa ya kamata ki ji."

"Ki yafe min, 'yar nan. Da bakina na ɓata ki, da bakina zan bi gida-gida in wanke ki."

"Na yafe," in ji Auta. Ta faɗa ne don ta san daidai ne, zuciyar ba ta riga ta iso wurin ba.

Umma ta cika alkawari. Har gidan yayar ta je, ta faɗi gaskiya a gaban masu aron ashana, ba ta rage wa ɗanta komai ba. Auta ta zauna a can sai da Injiniya ya gama alluransa nas ta ce babu damuwa, sannan ta koma ɗakinta. Ya yi ta lallaɓa ta, ita kuma ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai an daɗe kafin ta sake yi masa dariya.

Masu aure, ga abin lura. Ciwon da ya shiga tsakanin miji da mata ba na mutum ɗaya ba ne, tare ake gwaji, tare ake magani. Namijin da ya ɓoye jininsa don kare sunansa, sunan matarsa da ran ɗansa ya sa a caca. Uwa kuma ta bincika kafin ta yanke hukunci, don son ɗa ba hujja ba ne. Auta ta yi haƙuri da zagi, amma ba ta yi haƙuri da abin da zai kashe mata ɗa ba, kuma wannan shi ne haƙurin da yake da riba.

Naƙuda ta zo mata da hantsi. Da aka ce kai ya fito, sai ta juya fuska bango ta runtse ido, don ta san irin shirun da yake biyo baya, ta taɓa jin sa. Ta jira shi. Sai ga wata 'yar murya ta tsage ɗakin, mai kaifi, mai fushi, ba ta da niyyar tsayawa.

Nas ta ce, "Mace ce. Juyo ki karɓi abarki."

Auta ba ta juyo ba. "Tawa ce take kukan?"

"To ta wa? Ke kaɗai ce a ɗakin."

Aka ɗora mata ita a ƙirji, da ɗuminta da nauyinta. Auta ta buɗe baki za ta yi hamdala, kuka ya riga ta. Ta yi na wannan, ta yi na biyun da ba ta taɓa yi musu ba, har Umma da Injiniya suka jiyo daga baranda suka miƙe a firgice. Sai da nas ta leƙo ta ce musu su zauna, uwa da 'ya duk lafiya.