Taku Ashirin

Ranar Asabar ce da safe, iska na saukowa daga kan dutse, Zimkhitha na tafe a filin shan iska na unguwar Rondebosch da karenta Mvula. Gefe take bi kullum, inda ciyawa ta yi tsayi. A igiyar Mvula akwai ƙyalle rawaya da ta ƙulla, kuma masu yawo da karnuka a filin nan sun san ma'anarsa: karen nan ba ya son a matso shi, a ba shi wuri.

Sai ga wani jan kare a guje, harshe a waje, babu igiya. Can nesa mai shi na ɗaga hannu yana dariya.

"Kada ki damu, 'yar'uwa, ba ya cizo. Wasa kawai yake so."

"Nawa yana cizo," in ji Zimkhitha. "Kira karenka."

Mvula ya riga ya sandare, gashin bayansa ya miƙe. Ta sha gabansa, ta daka wa jan karen tsawa har ya ja birki. Saurayin ya iso yana haki, ya cafke shi.

"Yi haƙuri. Sunansa Biskit."

"Ban tambaye ka ba."

"Ni kuma Lwando."

"Shi ma ban tambaya ba. Ka ga ƙyallen nan? In ka hango shi, ka kira karenka tun daga nesa, ka sa masa igiya, ka sauka daga hanya mu wuce. Kada ka zuba masa ido, kada ka miƙo hannu. Naka na son wasa, na ji. Wa ya tambayi nawa?"

Lwando ya dubi kunnen Mvula da ya tsage, da tabon da ke wuyansa, dariyar ta gushe. Ta faɗa masa a taƙaice: daga hannun masu haɗa karnuka faɗa don caca aka ƙwato shi. Shekara biyu ta yi tana lallaɓa shi kafin ya iya ganin wani kare bai haukace ba.

Wata Asabar ɗin ta tarar da Lwando tsaye cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, Biskit ɗaure da sabuwar igiya, ya kawar da kai kamar mai jin kunyar suruka. Ta wuce tana danne dariya. Wannan alheri ne, a ƙulle masa shi a bakin zane.

Wata mai horar da karnuka ta taɓa gaya mata cewa in Mvula na tafiya jere da wani kare, da tazara mai yawa a tsakani, zai saba a hankali. Lwando ya ce ga shi ga Biskit. Suka fara da taku ashirin. Iska ba ta bari a ji magana daga wannan nisan, sai ta nuna masa lambarta da yatsu, suka koma hira ta saƙon waya suna kallon juna.

"'Yar Rawaya, yau kin yi kyau. Ko nisa ne ke taimakonki?"

"Kalli karenka, ɗan'uwa. Yana cin wani abu."

"Saura taku nawa in ji muryarki?"

"Tambayi Mvula. Shi ne babban yayana."

Wata uku suka sauko taku goma. Wata shida, taku biyar. Ranar da karnukan suka kwanta ƙarƙashin bishiya ɗaya, kowa na kallon gabansa, Zimkhitha ta yi hawaye, Lwando ya riƙe hannunta.

"Na yi miki alkawari," ya ce, "muddin ƙyallen nan na filin nan, igiyar Biskit ba za ta bar hannuna ba."

Wannan ma a ƙulle, za a neme shi.

Mahaifiyar Lwando, Mam' Nosakhele, tsohuwar nas ce, shugabar matan coci. Ta ga Zimkhitha sau ɗaya, ta ga karen, ta gama hukunci.

"Yarinyar da ke ajiye karen faɗa a ɗaki, ita zan ba jikokina? Ga Siphokazi 'yar limaminmu nan, karenta ma kamar auduga."

Siphokazi kuwa a gidan bene ɗaya suke haya da Zimkhitha, ita sama, Zimkhitha ƙasa. Kullum suna gaisawa a matakala da murmushin da bai kai ciki ba.

Wata Lahadi bayan coci, Mam' Nosakhele ta ce a je filin a sha iska, ta gayyato Siphokazi da ɗan farin karenta. Zimkhitha na can gefenta da Mvula, ta hango su, ta ga Lwando ya ga ƙyallen. Ta ga uwar na magana tana nuna igiyar. Daga baya ta ji abin da aka ce: "Sake shi ya wala. Ka mai da kanka bawan yarinyar can, har karenka ka ɗaure mata." Siphokazi ta yi dariya, ta saki nata.

Lwando ya sunkuya ya kwance Biskit.

Da idonta ta gani. Biskit ya taho a guje wurin abokinsa, ɗan farin na biye yana haushi, suka faɗo wa Mvula a fuska su biyu. Kafin ta juya, kunnen ɗan farin na bakinsa. Mam' Nosakhele ta iso ta cusa hannu tsakani, ita ma ta samu rabonta a wuyan hannu.

Ranar Laraba takarda ta zo daga kwamitin gidan benen. Siphokazi ta kai ƙara. An rubuta cewa karnukan biyu na ɗaure a igiya, Mvula ne ya fizge ya auka musu. Za a zauna bayan kwana goma sha huɗu, in ƙarar ta tabbata a fitar da karen daga gidan. Zimkhitha ta san inda hakan zai ƙare. Karen da aka rubuta ya ciji mutum haka siddan, babu mai ɗaukarsa, allura ce kawai a ɗakin likitan dabbobi.

Shaidu biyu ne a ƙasan takardar. Na biyun ta san rubutunsa, don ya sha rubuta mata kati.

Saƙonsa ya shigo da yamma.

"'Yar Rawaya, hannun Mama sai da aka ɗinke shi wuri huɗu. Ta ce in zaɓa, ita ko kare. Na ɗauka gargaɗi kawai za su yi miki. Don Allah ɗauki waya."

Ta rubuta: "Ka san abin da ake yi wa karen da aka rubuta wa haka. Ni na gaya maka, ƙarƙashin bishiyar nan. Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Ta ɗauki Mvula ta tafi unguwar Nyanga wurin Makhulu, kakarta da ta raine ta. Tsohuwa na tsince wake a tire, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Yaron ya taɓa yi miki alheri?"

"Wata takwas yana tafiya a gefena kamar mai gadi."

"To yana da wannan. Ya kuma kwance igiya, ya sa hannu a ƙarya kan dabbar da ba ta da bakin kare kanta. Biyu ke nan a kansa, uwarsa ɗaya. Kada ki haɗa su ki cakuɗa, mntanam, 'yata. Kada ki yafe kafin ya gyara, za ki raina shi har ki mutu. In kuma ya zo gyarawa, kada ki rufe ƙofa don ki ji daɗin fushinki."

"Ba zai zo ba, Makhulu. Uwarsa ce."

"To kin rabu da ƙaya tun ba a kawo shanun sadaki ba. Ci abinci."

Kwanakin nan ta nemi wani gidan haya mai karɓar kare, ba ta samu ba. Ta zagaya filin tana tambayar wanda ya ga abin, kowa ya ce yana nesa. Mvula ya daina cin abinci sosai, ko ƙarar sarƙa ya ji a titi sai ya shige ƙarƙashin gado. Aikin shekara biyu da wata takwas ya rushe a minti ɗaya. Abin da ya fi ci mata rai, duk safiya sai ta duba waya, sannan ta ji haushin kanta.

Ranar zaman, a garejin gidan aka jera kujeru. Siphokazi ta zo da ɗan karenta an naɗe masa kunne. Mam' Nosakhele ta ɗora hannunta mai bandeji a cinya yadda kowa zai gani. Shugaban kwamitin ya karanta takardar, ya dubi Lwando.

"Haka aka yi?"

Lwando ya miƙe. Bai kalli Zimkhitha ba, uwarsa ya kalla.

"Ba haka aka yi ba, baba. Na ga ƙyallen, na san ma'anarsa, na kwance karena. Na Siphokazi ma a sake yake. Mvula na igiyarsa daga farko har ƙarshe, a gefen hanya, inda yake bi kullum. Mu muka je masa. Ƙarya na sa wa hannu."

"Lwando," in ji uwar a hankali, "a gaban mutane?"

"A gaban mutane muka rubuta, Mama."

Siphokazi ta ɗauki karenta ta haye sama. Kwamiti ya bar Mvula a gidan, amma tunda haƙori ya taɓa mutum, sai da takunkumi zai riƙa fita, har ƙarshen ransa. Zimkhitha ta sayo takunkumin. Ranar farko da ta ɗaura masa, ya tsaya yana kallonta, ta zauna a matakala ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Lahadin.

Saƙo ya shigo: "Zan iya zuwa filin ranar Asabar?"

"Filin na kowa ne. Taku arba'in."

Ya zo. Damina ce, ruwan sanyin nan mai shiga ƙashi, ya riƙa tafiya can nesa da Biskit a igiya, ba ya turo saƙo sai in ta fara. Wata biyu ba ta fara ba. Ranar da Mvula ya hango Biskit bai sandare ba, ta rubuta:

"Talatin."

"Na gode, Zimkhitha."

"Rigarka ta jiƙe. Ba ka da lema ne?"

"Hannu ɗaya igiya, ɗaya waya, ko za ki yi magana."

Sai da furanni suka fito a filin kafin suka dawo taku biyar. Ita da kanta ta ce yana iya maido da sunan nan na 'Yar Rawaya.

Da kawunnansa suka je Nyanga neman aure, suka tsaya a bakin ƙofa suna kiran sunayen zuri'a kamar yadda aka saba. Makhulu ta bar su har rana ta take, sannan ta aika musu da shayi da magana.

"Ku gaya wa uwar yaro, shi ya gyara nasa, na gani. Nata na nan. Ba na son shanunta sai ta je inda ta yi ɓarna."

Mam' Nosakhele ta yi sati uku tana cewa ita ba za ta ba kare haƙuri ba. Ɗanta bai yi gardama da ita ba, yana zuwa ya gyara mata famfo, ya kai ta asibiti, ya ci abincinta, amma duk Asabar yana filin.

Asabar ta huɗu, Zimkhitha na tafe a gefenta sai ta hango mace da kayan coci, riƙe da Biskit a sake-sake da doguwar igiya. Matar ta ga ƙyallen. Ta kira karen, ta naɗe igiyar a hannunta mai tabo, ta sauka daga hanya da takalmanta masu tsini cikin laka, ta kawar da kai.

Zimkhitha ta zo daidai da ita ta tsaya, ta gaishe ta.

"Molo, Mama."

"Wuce da shi tukuna, makoti, amaryar ɗana, kada ya tsorata," in ji Mam' Nosakhele, har yanzu ba ta juyo ba. "Ni na sa masa abin nan a baki, na sani. Ki kai shi mota ki dawo, ina da magana. Kuma ki zo min da tsumma, takalmana sun lalace."

A watan Disamba aka ɗaura auren, aka yanka, aka yi rawa a titi har maƙwabta suka fito da kujerunsu. An kai Mvula ɗakin baya, an ƙulla ƙyalle rawaya a ƙofar, ango da kansa ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu ma'anarsa.

Makhulu ta kama hannayensu biyu ta haɗa.

"Kai, ka ci amanarta sau ɗaya, ka kuma san nisan da ka taka kafin ka dawo. Kada ka manta da shi, ni ban manta ba. Ke kuma an biya ki, kada in ji kin tono shi ranar faɗa. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin kira. Allah ya sa duk wanda ya ga kuna buƙatar wuri ya ba ku."

Jama'a suka amsa. Lwando ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"'Yar Rawaya, yanzu saura taku nawa?"

Ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta dube shi.

"Babu. Amma riƙe igiyarka."