Tsakuwar Kogon Hankaka

Da almuru abin ya fara, lokacin da jiragen kamun kifi suka gama shigowa, hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin gidajen garinmu. A gidan Pyo mai masana'antar ƙanƙara an ajiye ɗan teburin abinci a tsakar ɗaki, kowa ya naɗe ƙafa. Pyo na ba da labarin yadda za a zaɓe shi shugaban ƙungiyar masunta. Matarsa na gyaɗa kai, aikin da ta ƙware a kansa tun ranar aurensu. 'Yarsu Dasom kuwa, mai shekara goma sha bakwai, tana ta juya shinkafa da cokali ba ta kai baki ba. Sai wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya, ya watsa wa maigida romo a rigar da ya saya don zaɓe.

Matar ta sa ludayi ta tsamo. Tsakuwa ce baƙa, mulmulalliya kamar ƙwan agwagwa, da 'yar ciyawar teku manne a jikinta. Suka ɗaga kai. Rufi lafiyarsa lau.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Pyo.

"Ta cikin rufin, Baban Dasom?"

"Na ce yara ne. Ci abincinki."

Ko jaririn garinmu ya san inda ake samun irin wannan tsakuwa. Gaɓarmu duk farin yashi ce da siminti. Baƙar tsakuwa sai a Kogon Hankaka, wani lungu a bayan hasumiyar fitilar jirage, inda ruwa ke juyawa kamar ana dama shi, inda aka hana yara zuwa tun zamanin kakanni. Gidan Pyo ne na farko a kan hanyar da ta fito daga can.

A bazarar shekarar teku ta ci Narae, ƙawar Dasom ta ƙut da ƙut, 'yar matar da ke sayar da miyar kifi a bakin tashar jirage. An tsinci takalminta ɗaya yana yawo a jikin katangar tashar, sai kowa ya ce ai nan ta zame. Gawar kuwa can nesa wani jirgi ya tsamo ta. An binne, amma a wajenmu binne gawar wanda ruwa ya ci rabin aiki ne. Kurwarsa tana nan cikin ruwa, daidai inda ya faɗa, tana jin sanyi, sai an je an tsamo ta. A cika kwanon tagulla da ɗanyar shinkafa, a rufe, a ɗaure shi da dogon farin ƙyalle, a jefa, a kira sunan mamacin, sannan a jawo. In an buɗe aka ga silin gashi a cikin shinkafar, kurwa ta fito, sai a kai ta gida.

Maman Narae ta yi nata a bakin tasha, gari ya taru. Aka jawo kwano, shinkafa fes, ba gashi. Mutane suka ce a sake wata rana, suka watse. Ita kuwa ba ta daina ba. Kullum da almuru takan rufe tukunyarta, ta tsaya a kan katanga ta jefa kwano tana kiran 'yarta, har mutane suka saba da muryarta kamar yadda suka saba da kukan tsuntsayen teku. Mutum uku ne kaɗai a garin suka san a banza take jefawa, kuma su ukun a tebur ɗaya suke cin abinci. Pyo ma har da zuwa ranar taron, ya rusuna fiye da kowa, ya share ido da hankici inda masu zaɓe za su gani.

Daga wannan maraice tsakuwa ba ta ƙara fashi ba. Da rana ta taɓa ruwa sai ka ji ƙwas a kan tabarma, ƙwas a cikin takalmi, ƙwas a kan littafin da Dasom ke karantawa don jarrabawar shiga jami'a. Kowace jiƙe take, da sanyi kamar daga masana'antar maigidan ta fito. Pyo, da yake mutum ne mai dabara, bai yarda a zubar da ko ɗaya a waje ba, kada wani ya gani ya tambaya. Ya sa aka kwashe kabejin da ke tsime a manyan tulunan bayan gida, ya riƙa zuba tsakuwar ciki yana rufewa. Tulu ya cika, aka koma na kusa da shi.

Sannan aka fara jin murya. Ba kuka ba ce, ba kuma ihu ba. Kira ne irin na yarinyar da ta biyo wa ƙawarta tafiya makaranta, daga bakin ƙofa, a hankali: "Dasom, kin dawo?"

Gashin Dasom ya daina bushewa. Uwar ta goge da tawul, ta zaunar da ita kusa da murhu, ruwa na ci gaba da ɗiga daga jelar gashin, in ka lasa gishiri. Yarinyar ta daina barci, ta daina magana. Wata rana uwar ta same ta tsugune a bayan gida, ta rungume tulu da hannu biyu, ta ƙanƙame shi har farcenta ya fashe.

A nan ne Pyo ya yarda a nemo mai magani, amma ba ta garinmu ba. Ya haye jirgi zuwa wani tsibiri ya ɗauko Kaka Sol, tsohuwar da ta gaji aikin shiga tsakanin mutane da iskokai daga uwarta, wadda ta haddace waƙoƙin kiran matattu da ko a kwana ana rerawa ba sa ƙarewa. Ta ƙofar baya ya shigo da ita, lulluɓe da mayafin matarsa.

Tsohuwar ta zauna, ta kunna taba, ta dubi yarinyar, ta dubi ruwan da ya taru a ƙarƙashinta. Ta fito da farantin tagulla da ɗan sandan bugawa.

"Kaka," in ji Pyo, "in da hali a buga a hankali. Maƙwabta."

"Ka taɓa jin an kira matacce da raɗa?"

"Ai dai a gwada."

Ta dube shi kamar yadda ake duban kifin jiya, ta buga da iyakar ƙarfinta.

Rana na gab da faɗuwa. Kaka Sol ta yi ta bugu tana rera waƙa da muryar da ba ta hawa ba ta sauka, har hasken taga ya koma ja. Ɗakin ya yi sanyi, warin teku ya cika shi. Dasom, da ke zaune kanta a sunkuye, ta ɗago a hankali, ta karkata kai gefe guda, ta tura gashi bayan kunne da ɗan yatsa. Uwar ta toshe baki. Duk wanda ya san Narae ya san wannan karkata kan.

"Wace ce a nan?" in ji tsohuwar.

"Tambayi Kawu Pyo. Ya san ni. Har kuka ya yi mini." Muryar ta fito daga bakin Dasom, amma ba tata ba ce. "Kawu, ina hankicin?"

Pyo ya gyara zama, ya yi murmushin da yake yi wa masu sayen ƙanƙara. "'Yata, duk abin da kike so za a yi. Kan alade, tuffa, sababbin kaya a ƙona miki. Faɗi kawai."

"Ka ji shi, Kaka? Ciniki yake."

"Bar shi," in ji tsohuwar. "Da ni za ki yi magana. Me ya hana ki tafiya?"

"Ina zan tafi? Ina jin Mamata kullum, can nesa, tana kira ta wani wajen. Ni kuwa ina inda aka bar ni." Kan ya ƙara karkata. "Mun gudu daga darasin yamma ne, ni da wannan. Ita ta ce in na isa in tsallaka daga wannan dutse zuwa wancan. Na tsallaka, na zame. Wannan ban riƙe ta da shi ba, ni ma da na ce mata hakan. Amma ban nutse nan take ba, Kaka. Na kama dutse. Na ga ta ruga, sai na ce shi ke nan, Dasom ta fi kowa gudu a ajinmu. Na riƙe. Ruwa ya zo ƙirjina, na riƙe. Ya zo haɓata. Ina ta kallon hanya."

Ruwa ya ci gaba da ɗiga daga jelar gashin.

Kaka Sol ta juya ga uwar. "Ta iso gida?"

Matar ta dubi mijinta, kanta ya fara gyaɗawa don sabo, sannan ya tsaya. "Ta iso. Ba takalmi a ƙafarta."

"Sai aka yi me?"

"Ya ce kafin a tara mutane ruwa ya riga ya gama. Ya ce za a ce 'yar Pyo ce ta kai ta, ga jarrabawa, ga zaɓe. Ya sa sakata."

"Lissafi na yi irin na mai hankali," in ji Pyo. "Ko an je ba lalle a same ta ba."

"Ba lalle ba," in ji muryar. "Ni dai ina can ina jira a gwada."

Tsohuwar ta kashe tabarta a kan tabarmar Pyo mai tsada. "To, me zai sa ki saki yarinyar nan?"

"Ta zo ta zauna da ni. Wurin da faɗi."

"Ba za ki samu ba. Rayayye ba ya bin matacce don ya ɗebe masa kewa, kin sani. Nemi wani abu."

Wata tsakuwa ta faɗo, ta gangara ta tsaya a gwiwar Pyo.

"To a nuna wa Mamata wurin."

Fuskar Pyo ta washe. "Wannan ai mai sauƙi ne. Kaka sai ki ce iskokai ne suka nuna miki. Ba sai an ambaci kowa ba."

"Ni ba na yi wa iskokai ƙarya," in ji Kaka Sol, "suna da dogon tunani. Kuma ƙyallen, wanda ya ga faɗawar shi ke riƙewa."

"Zan iya tuƙa ta har can yanzu," in ji muryar, "in faɗi komai da bakinta. Amma sai a ce aljana ce ta yi magana, a tausaya wa 'yar Pyo, a kawo mata miya. Ba na so. Zan fita in bar mata bakinta. In ta faɗa, na tafi. In ta yi shiru, akwai sauran tsakuwa, Kawu kuma yana da sauran tuluna."

Jikin Dasom ya saki, ta kife a kan tabarma. Da ta ɗago, idonta nata ne, kuma da gani ta ji komai.

Pyo ya matso, ya sassauta murya. "Dasom, saurara. Wata biyu ya rage ki yi jarrabawa ki bar garin nan. Can babban birni ba teku. Ki yi tunani."

Daga nesa, ta tagar da ta yi duhu, muryar Maman Narae ta taso daga tasha, tana kiran sunan kamar kullum.

Dasom ta miƙe. Ta je bakin ƙofar gaba, ta tarar da sakata a sanye, domin maigidan ba ya wasa da sakata. Ta tsaya tana kallonta.

"Baba, ranar ma ba da kwaɗo ka rufe ba," ta ce. "Ina iya zarewa. Ban zare ba."

Ta zare, ta fita.

Waɗanda ke tasha a maraicen sun ce ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bayan uwar Narae har ta jawo kwanonta, sannan ta durƙusa a kan siminti ta faɗi komai, da darasin, da tsallaken, da sakatar, da ƙarfi yadda masu gyaran komar kamun kifi suka ji. Maman Narae ta saurara har ƙarshe. Ba ta mare ta ba, ba ta kuma ɗaga ta ba. Ta naɗe ƙyallen a hannu ta ce, "Wuce gaba."

Rabin gari ya bi su da fitilu zuwa Kogon Hankaka, Kaka Sol na tafe tana buga farantinta yadda har tsibirinsu sai an ji. Dasom ta nuna dutsen. Aka ba ta bakin ƙyallen, Maman Narae ta jefa kwano, ta kira sunan sau ɗaya tak. Yarinyar ta fara ja, ƙyallen ya yi nauyi har sai da ta dafa ƙafa da dutse. Da aka buɗe, ga shi nan kwance a kan shinkafa, dogon silin gashi baƙi.

Maman Narae ta rufe kwanon, ta cire rigar sanyinta ta naɗe shi, ta rungume a ƙirji. "Taho mu tafi gida," ta ce, "kin sha sanyi." Ta bi ta gaban Pyo, wanda ya iso a makare yana laluben hankici, ba ta ko dube shi ba.

Kafin su kai hasumiya gashin Dasom ya bushe. Maman Narae ba ta ƙara yi mata magana ba har yau, ita ma ba ta nema ba.

Zaɓe kuwa, an yi, wani ya ci. Tsakuwar tana nan a tulunan, don Pyo ya rasa lokacin da zai fitar da ita ba a gan shi ba. Da sanyi ya shigo, lokacin da kowane gida ke tsima kabejinsa, sai aka ga matarsa a kasuwa da kwano tana sayen na wasu. Mai sayarwar ta auna mata, ta miƙa, ta tambaye ta cikin ladabi ko tulunan gida sun cika ne.