Kwalin da Ya Wanke Shagon Abdulkahar

"Kwanta! Fuska a ƙasa!"

Kawu ya danna bakin bindiga a ƙeyar Abdulkahar, mai shagon na'urorin wasa a unguwar Sharafiyya. Liman na kan huɗuba, layin fayau. Majid, direbansu, na waje cikin mota, injin na gurnani.

Zaharadden ya tsallake kanta. Ya san inda kwalin yake. Shekara biyu ya yi a shagon nan yana ɗura wasanni kafin a kore shi. Abin da ke cikin kwalin kati ne ɗan mitsitsi. A zura shi a na'urar wasa ta hannu, wasanni ɗari biyar su bayyana, kamfanin da ya yi su bai ga ko riyal ɗaya ba.

Jiya tambaya ɗaya ya yi wa Kawu, jagoransu.

"In ya kira shurɗa, 'yan sandan nan, fa? Ba ni da iƙama, takardar zama, tun da na zo umra nake nan. In aka kama ni, wa zai riƙe tsohuwata Inno?"

"Kai yaro, tsoro zai kashe ka! Katin da ba komai ciki, ko lauyoyi gardama suke a kansa. Amma wanda aka ɗura wa wasan sata? Tara ce da rufe shago. Ɓarawo ba ya kai ƙarar ɓarawo. Halas, shi ke nan."

Yanzu Zaharadden ya janyo kwalin daga ƙasan kanta. Kati dubu biyu, duk a ɗure. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: Abdulkahar bai roƙe su ba. Agogon bango kawai yake kallo.

"Yalla! Yalla! Mu tafi!" Kawu ya daka tsawa.

Mota ta fizga. A kwanar Aziziyya Kawu ya taɓa kafaɗar Majid.

"Sauke ni nan. Bindigar ba ta bin kaya. Mu haɗu bayan la'asar."

A shago, Abdulkahar ya miƙe, ya kakkaɓe jallabiyarsa. Ranar Lahadi masu binciken kayan jabu za su zagaya layin. Ya leƙa ƙasan kanta: wayam. Ya ɗaga waya.

"Kawu, ka sauka? Madalla."

Ya kashe, ya buga wata lamba, ya sa wa muryarsa rawar ƙarya. "Shurɗa? Fashi! Da bindiga! Na riƙe lambar motar..."

Can a mota, sai jiniya!

"Kawu ya ce ba zai kira ba!" Majid ya yi ihu, yana murɗa sitiyari.

Zaharadden ya dubi kwalin da ke cinyarsa. Sai yanzu ya gane. Abin da zai hana mai shago kiran hukuma, ga shi nan, su suka fitar masa da shi.

Motar shurɗa ɗaya a gaba — wata a baya — birki! Majid ya ɓalle ƙofa ya zura da gudu. Taku goma, aka danne shi a kwalta. Zaharadden kuwa, da kwalin a hannu aka fito da shi.

A ofishin shurɗa aka buɗe kwalin gaban Abdulkahar. Ya girgiza kai.

"Wallahi ya hadarat zabiɗ, ranka ya daɗe, ba kayana ba ne. Kuɗin durowa suka ɗauka. Wannan yaron, saboda wannan sana'ar na kore shi."

"Kawu ne ya..." Zaharadden ya fara.

"Wane Kawu?" jami'in ya katse shi. "Sunansa? Iƙamarsa?"

Zaharadden ya buɗe baki. Bai taɓa sanin sunan ba.

Jami'in ya rubuta masa laifi uku: fashi da makami, wasannin sata, zama ba takarda.

A ɗakin da suka kama tun da aka rushe unguwar Karantina, Inno ta sake ɗumama shinkafar Juma'a. Ta rufe kwanon Zaharadden, ta matsar da kujerarta kusa da ƙofa.