Abin da Ya Tare Ƙofar Gari

A can wani zamani, an wayi gari wani ƙaton abu ya tare ƙofar gari, ba shiga ba fita. Mai gari ya aiki marubutansa biyu, Tanimu matsoraci da Gambo acici, su dubo su rubuto masa.

Tanimu ya tsaya daga nesa, ya rubuta "dodo". Haruffan suka yi ta karkarwa, har suka tsere daga takardar. Gambo ya rubuta "abinci", yawunsa ya wanke rubutun.

Mai gari ya juya takardun, babu komai. Ya ce, "Ku koma. Awakinmu na can waje suna kuka."

Tanimu ya koma. Ya matsa, ya ƙara matsawa, ya runtse ido ya taɓa. Ashe kabewa ce. Da ya rubuta, haruffan suka tsaya ƙyam. Ya ruga fada ya ce, "Ranka ya daɗe, karanta."

Jama'a suka taho da wuƙaƙe. Suka tarar babu kabewa, sai Gambo kwance, tumbinsa ya tare ƙofa, ba shiga ba fita.

Tanimu ya matsa, ya taɓa, sannan ya jawo alƙalami.