Layin da Lubna Ta Bi

Ranar da Fahad ya fara ganin Lubna, kunyata shi ta yi.

Yana tsaye gaban 'yan ajin ƙarshe a sakandaren unguwarsu, Unguwar Dosa, yana neman shugabancin majalisar ɗalibai. Alkawarinsa ɗaya ne: zai kai wa kansila kukan kwalbatin ƙofar makaranta, wanda ke cika ya tare hanya duk damina. Sai wata siririyar yarinya ta ɗaga hannu.

"Mai girma ɗan takara, ka ma san sunan kansilan?"

Bai sani ba. Aji ya kwashe da dariya. Mai hankali haushi zai ji. Shi kuwa tsayawa ya yi yana kallonta.

Da aka tashi ta same shi bakin famfo. "Ran Talata kansilan yake zama ofis. In za ka yi siyasa, ka riƙa tambaya."

"To ki zama mai ba ni shawara mana."

"Da me za a biya ni?"

"Da zuciya sabuwa dal, ba a taɓa amfani da ita ba."

"Allah ya sauwaƙe. Ta gwanjo ta fi ƙarko." Ta faɗa tana murmushi.

Tun daga ranar shi ne Mai girma, ita ce Ƙuri'ata.

Matsalar ita ce abokin takararsa, Bilal, ɗan wan babanta ne. Babanta kuwa, Alhaji Lawan, babban ma'aikacin gwamnati ne, yana kallon Fahad a matsayin ɗan direban tifa da iyayensa suka zo daga Zamfara suna haya. Malamin da ke koyar da haƙƙin ɗan ƙasa ya ce ba za a yi zaɓen takarda ba. Ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya bi layin gwaninsa, maza gefe, mata gefe, don yara su koyi gaskiya. Bai yi tunanin cewa yaran suna da iyaye ba.

Ana gobe zaɓe Alhaji ya kira ta. "Lubna, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. In Bilal ya waiwaya bai gan ki ba, ni kika tozarta gaban yayana. Kuma ki sani, daga ranar kin bar makarantar nan."

"Abba, zaɓen yara ne fa."

"Zumuncin na manya ne."

Washegari Fahad ya waiwaya yana nemanta a layinsa. Can ya hango ta a bayan Bilal, kanta a sunkuye. Da ƙuri'a ɗaya aka kayar da shi.

Saƙonta ya shigo kafin ya kai gida: "Mai girma, wallahi ƙafata ce ta je, ba ni ba. Ka bari in yi maka bayani."

Ya mayar mata: "A wannan zaɓen ƙafa ake ƙirgawa. Allah ya ba ku sa'a."

Bai ƙara amsa mata ba. Ta kira, ta aika ƙawa, ta tsaya bakin famfon nan har aka rufe makaranta. Daga baya ta daina. Masu cewa lokaci magani ne ba su taɓa rasa kowa ba. Lokaci yana koya wa mutum cin abinci ne kawai ba tare da jin ɗanɗano ba. Haka suka gama makaranta, kowa ya tafi karatunsa, suna haɗuwa a titi suna gaisawa kamar waɗanda suka haɗu a gidan makoki.

Bilal ya ɗauki hoto da kansila. Kwalbati ya ci gaba da cika.

Bayan shekaru, ruwa ya ja wani keke-napep da fasinja a wurin, Allah ya tsare rai. Unguwa ta taru a filin firamare za a zaɓi wakilin matasa a kwamitin gyara. Fahad ya fito, Bilal ya fito. Aka ce a bi layi, kuma Alhaji Lawan ne dattijon da zai ƙirga.

Wani ya ɗaga murya: "Ɗan Zamfara zai wakilci Dosa?"

"Ruwan bai tambayi mai keken garinsu ba," in ji Fahad.

Sai ga Lubna ta ratso filin, a hankali, idon kowa a kanta. Ta wuce layin Bilal, ta tsaya a na Fahad.

"Lubna!" in ji Alhaji.

"Abba, wancan karon taka na jefa." Ta gyara tsayuwa a layin. "Wannan tawa ce."

Alhaji ya dube ta. Sannan ya ɗaga yatsa ya ƙirga da ita.

Fahad ya sake faɗuwa, wannan karon da rata mai yawa, domin Bilal ya raba atamfa. Amma da ya waiwaya, hawaye yake yana dariya.

"Na sake shan kaye, Ƙuri'ata."

"Ka sha, Mai girma. Sai dai yau ina bayanka."

"Na yi miki rashin adalci."

"Ka yi. Za ka biya a hankali."

Alhaji ya yi mako bai yi mata magana ba. Daga nan ya aika a kira Fahad. "Unguwa duka ta ga inda 'yata ta tsaya. Ni na ƙirga da hannuna, ba zan yi maguɗi ba. Ka turo magabatanka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Masu kai amarya sai da suka tattare zannuwa suka tsallake kwalbatin, don har yau ba a gyara shi ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. In tafiya ta zo, Allah ya sa kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa.