Rabin Saƙon Muntasir

Ranar da Muntasir Bunu ya fara shiga ofishin ƙungiyar manoma a Gaya, da wayoyi uku a aljihu da laka a ƙafar wando, ya zaci wata dattijuwa mai gilashi zai tarar. An ce masa injiniya ce ke haɗa musu manhajar aika saƙo, shi kuma zai riƙa gwadawa daga Toranke, inda netwok ke zuwa ya tafi yadda ya ga dama. Sai ga wata budurwa, Muhsina, ta ɗago kai daga kwamfuta. Bawan Allah ya yi sallama sau biyu.

"Ɗaya ma ta isa, Malam Gwaji," ta ce tana dariya.

Ta yi masa bayanin aikin. Wayarsa za ta aika saƙo zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓa ta miƙa wa mai shi. In ya isa, alamar kore ta fito. Kullum zai turo gajeren saƙo, ita kuma ta tabbatar.

"Gwaji 1." "Ya iso." "Gwaji 2." "Ya iso."

Kafin wata biyu, gwajin ya fara fita daga hanya.

"Gwaji 30. Injiniya ta ci abinci?"

"Ya iso. Ba a cikin aiki wannan yake ba. Amma na ci."

Duk ofishin sun gane, har Inna Hure mai shara. Muntasir ne kawai ya kasa buɗe baki. Mutum ne da zai yi ciniki da dillalan gyaɗa goma bai girgiza ba, amma gaban Muhsina sai ya koma tambayar lafiyar caja.

Ana nan sai Sharfaddeen, ɗan aminin mahaifinta, ya nemi izinin zuwa zance. Mahaifin nata, Malam Inuwa, ya kira ta.

"Ba zan yi miki dole ba, Muhsina. Amma shi wannan na Toranken, me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna, Baba."

"To, ni ban san neman aure da latsa waya ba. In Juma'a ta yi bai motsa ba, zan ba Sharfaddeen izini."

Ta fito zuciyarta a cunkushe, don tana son Muntasir, so na gaske. Ga shi kuma kwana huɗu ya sauya mata. Babu tsokana, babu tambayar abinci, sai "Gwaji 47" a bushe. Ita ma ta ɗaure fuska ta riƙa mayar masa da "Ya iso." Kowa na fushi, ba wanda ya san laifinsa.

Ranar Laraba wani manomi daga Balan ya zo da ƙorafi. Ya rubuta dogon bayani kan tsutsar da ke cin masararsa, kore ta fito, amma malamin gona ya rantse bai ga komai ba. Muhsina ta buɗe rajistar saba, wadda ke rubuta duk abin da ya wuce tsakaninta da wayoyi, ta bi layi-layi.

Nan ta ga ɓarnar. Laburaren saƙo, wato shiryayyen tsarin aikawa da ta ɗora manhajar a kai, yana yanka dogon saƙo gida-gida kafin ya aika. Ita kuwa ta sa waya ta nuna kore da zarar yankin farko ya shiga. In netwok ya ɗauke a tsakiya, saba ta jira sauran, ta gaji, ta ajiye guntun a gefe. Su kuma wata biyu suna gwaji da saƙon da bai kai layi biyu ba!

Ta duba guntayen da aka ajiye. Biyu ne. Na biyun daga wayar gwaji ta Toranke ya fito, tun ranar Asabar.

"Injiniyata, wannan ba gwaji ba ne. Na kasa faɗa da baki. Tun ranar da na yi miki sallama biyu ban sake samun kaina ba. In kin amince, ina so in"

A nan ya yanke. Muhsina ta rufe baki da mayafi, tana dariya tana hawaye. Ashe ya ga kore, ya zaci ta karanta ta share shi.

Ba ta kira shi ba, sai da ta gama gyara. Ta hana kore fitowa har sai saba ta tabbatar da yanki na ƙarshe, kuma duk yankin da ya ɓata a sake aiko shi. Sannan ta rubuta:

"Malam Gwaji, rabin saƙonka na Asabar yau na tsince shi. Laifin aikina ne. Sabunta manhajar ka turo sauran."

Minti uku ta jira, ta ji kamar an ɗora tukunya ba wuta. Sai ga shi:

"... turo kawunnaina wajen Baba. Ina son ki, Muhsina. Kwana huɗu ko tuwon mahaifiyata Ya Kellu ba na iya ci."

"Na amince. Amma Juma'a ce iyaka, ka yi sauri."

Alhamis da hantsi ya zo gaida Malam Inuwa, ya durƙusa a zaure. Dattijon ya saurari labarin kore da saba har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Ni ban gane ko ɗaya ba. Kafin manyanka su zo, faɗa min da bakinka. Me ya kawo ka?"

Gumi ya karyo wa Muntasir. Muhsina na bayan ƙofa tana saurare.

"Baba... ina son Muhsina da aure."

"Madalla. Yanzu na ji. Ka turo su gobe."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Gaya, aka kai amarya Toranke da guɗa. Malam Inuwa ya dafa kan 'yarsa kafin ta shiga mota.

"Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku riƙa jin juna har ƙarshen magana."